Kogi Ɗaya, Hukumomi Barkatai: Wa Ke Riƙe Da Mabuɗin Tiga?

Duk shekara, da zarar damina ta yi nisa, labarin da ke fitowa daga gabashin Jigawa kusan iri ɗaya ne. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Auyo da Kafin Hausa, ya shiga gidaje a Guri da Kiri Kasamma, jama'a sun kwashe 'yan komatsansu sun koma makarantun firamare. Hukumomin agaji su kai buhunan hatsi da tabarmi da gidajen sauro, a ɗauki hoto, a dawo. Bayan wata biyar ko shida kuma sai wani kukan ya taso daga can ƙasa, wajen Gashuwa da Gaidam, cewa kogi ya janye da wuri, masu noman rani suna bin ruwa da injin har tsakiyar rairayi. Ruwan da ya yi wa wancan yawa shi ne wanda wannan ya rasa, kuma kogin guda ne. Abin da nake so mu duba a wannan mako shi ne dalilin da ya sa hukumomin da aka ɗora wa alhakin wannan kogi, duk da yawansu da yawan yarjejeniyoyin da suka sanya wa hannu, har yau ba su iya raba ruwan yadda kowa zai samu nasa ba.

Kafin mu kai can, ya kamata mai karatu ya san yadda kogin yake tafiya. Kogin Kano da Kogin Chalawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ake kiran su Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi ta Jama'are da Katagum. Idan waɗannan koguna biyu suka iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa, sai tsofaffin tuddan yashi su rarraba su zuwa mashigu da tafkuna da fadamu masu yawa. Wannan shi ne dausayin Haɗeja da Nguru. Kusa da Gashuwa ruwan yake sake haɗuwa ya zama Kogin Yobe, ya wuce Gaidam da Damasak, ya zama iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar a yankin Difa, sannan ya faɗa Tafkin Chadi. Wato digon ruwan da ya sauka a Riruwai ko a Jos zai iya ƙarewa a gonar tattasai a Difa.

Shekaru aru-aru rayuwar wannan dausayi a kan tsari ɗaya take: ruwa ya zo, ruwa ya tafi. A watan Agusta da Satumba kogi ya cika ya malala kan fadamu. Kifi ya bi ruwan ya shiga ciyawa ya hayayyafa, tarwaɗa da ƙarfasa da kurungu da gaiwa. Manomi ya shuka shinkafar da ke tashi tare da ruwa. Idan ruwan ya fara janyewa, a bi danshin da wake da masara da kayan lambu. Da rani Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa, su bar taki. Ruwan da ya kwanta na tsawon watanni ya nutse ƙasa, ya ciyar da rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da kogin ma. Lokacin hunturu kuma tsuntsaye su taso daga Turai su tsallake Sahara, su sauka a Dagona da Baturiya, su tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Fili ɗaya ya ciyar da masunci da manomi da makiyayi a shekara guda, kowa da lokacinsa. Sarkin ruwa da bulama da lawani da arɗo su ne suke lura da wanda zai shiga da lokacin da zai fita. Ba banza ba Turawa suka ja layin dogo har Nguru a 1930. Akwai abin ɗauka a wurin.

Wannan tsari ya fara sauyawa ne da aka kammala Dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan aka ƙara da na Chalawa da ke Ƙaraye a 1992. Babu mai hankalin da zai ce gina su kuskure ne tsantsa. An gina Tiga ne ana tsakiyar fari mai tsanani, kuma da ruwansa ake noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam da Kadawa, inda tumatir da shinkafa da alkama suke fita zuwa ko'ina a ƙasar nan. Birnin Kano da miliyoyin mazaunansa a kan waɗannan koguna suka dogara wajen ruwan sha. Sai dai kowace madatsar ruwa tana yin abu biyu a lokaci guda: tana riƙe ruwan damina da ya kamata ya malala, tana kuma sakin ruwa da rani lokacin da ya kamata kogi ya bushe. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa ke malalewa a dausayin ya ragu daga kimanin hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma tsakanin 70,000 da 100,000 wajen ƙarshen shekarun 1980. Ƙarancin ruwan sama na wancan lokaci yana da nasa kaso, amma madatsu ma suna da nasu.

Abu na biyun, wato sakin ruwa da rani, shi ya haifar da bala'in da mutanen yankin suka fi sani da suna: kachala. Wannan ciyawa ce mai son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da, rani ne yake kashe ta, domin mashigu sukan bushe ƙayau na tsawon watanni. Da ruwa ya zama yana gudana shekara ɗungurungum, sai ta samu gida. Ta cika mashigu, ta rage wa ruwa gudu, laka da yashi suka taru a gindinta, bakin mashigar ya toshe. Ruwan da ya rasa hanya ya nemi wata. Haka aka wayi gari mafi yawan ruwan Kogin Haɗeja ya karkata zuwa mashigar Marma da Tafkin Nguru, ya mamaye gonaki da wuraren kiwo ya ƙi janyewa, alhali Burum Gana da tsohuwar hanyar kogin suna fama da ƙishirwa. Ɗan abin da ke isa Gashuwa daga ɓangaren Haɗeja ya zama kaɗan ƙwarai, har ta kai yawancin ruwan Kogin Yobe daga Jama'are yake zuwa. Wannan ne ma ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar kammala Dam ɗin Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, mutanen Yobe da Borno suke tashi tsaye.

Ɓarnar kachala ba ta tsaya nan ba. Masunci ba ya iya jefa birgi ko ya tuƙa kwalekwale a cikinta. Tsuntsayen jan-baki sun mai da ita masauki, daga nan suke fita dubbai su sauka kan gero da dawa da shinkafa. Ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinta ya zama matattarar sauro da dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya. Tsuntsayen ruwa da ke buƙatar buɗaɗɗen tafki da laka a gefensa sun rasa wurin sauka. Saboda haka masunci da manomi da tsuntsun da ya taso daga Turai, duk cutarsu ɗaya ce, maganinsu ma ɗaya ne: a dawo da zuwan ruwa da tafiyarsa a kan lokaci.

To, wa ke da ikon yin haka? A nan gizo ke saƙa. Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasar da ruwan ke bi ta kanta a hannun gwamnan kowace jiha. Madatsun Tiga da Chalawa suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976 mai hedikwata a Kano. Ƙarshen kogin kuma yana yankin Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Dagona tana cikin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Chadi, ƙarƙashin hukumar gandayen daji ta tarayya. Kamun kifi da dazuzzuka da burtali na ma'aikatun jihohi ne. Hasashen ambaliya aikin wata hukuma ce a Abuja, kai agaji bayan ambaliyar aikin wata ce daban. Ruwan da masana'antun fata na Chalawa da Sharaɗa ke zubarwa, shi ma da masu sa ido a kansa. Idan kogin ya isa iyaka, akwai Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, akwai kuma yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar kan rabon ruwan kogunan da suka haɗa su. Kowace daga cikin waɗannan tana da doka a bayanta, da kasafin kuɗinta, da wanda take kai wa rahoto. Babu ko ɗaya da aka ce aikinta shi ne lafiyar kogin daga tushensa zuwa bakinsa. Hausawa suka ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Adalci ne a faɗa cewa an yi ƙoƙarin haɗa kawunan nan, kuma ba sau ɗaya ba. A 1987 aka fara Shirin Kare Dausayin Haɗeja da Nguru, haɗin gwiwar gwamnati da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da ƙungiyar IUCN da wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya. Shirin nan ne ya riƙa auna ruwa, yana ƙidaya tsuntsaye, yana ɗaukar taswirar ambaliya daga sama shekara bayan shekara. A wannan zamani ne Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafin da har yau ake koyar da shi a jami'o'in duniya, inda suka nuna cewa idan aka haɗa amfanin gona da kifi da itacen wuta, kowane ma'auni na ruwan da aka bari ya malala a dausayin ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan irinsa da aka zuba a babban shirin noman rani na Kogin Kano. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigar Marma, hekta 58,100, cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko da Nijeriya ta samu a jerin. A 2008 aka ƙara da Baturiya da Dagona. Birtaniya ta ɗauki nauyin wani shiri a farkon shekarun 2000 wanda ya taimaka wa ƙauyuka suka riƙa yin gayya suna yanke kachala da hannu.

Babban yunƙurin shi ne na 2006, lokacin da jihohi shida da kogin ya haɗa, wato Filato da Bauchi da Kano da Jigawa da Yobe da Borno, suka yi taro a Damaturu tare da Gwamnatin Tarayya, suka amince da tsarin kula da kogin baki ɗayansa, suka kafa asusun amana mai hedikwata a Damaturu domin aiwatar da shi. An kuma tsara daftarin yarjejeniyar rabon ruwa. A wancan lokaci an riƙa buga misali da wannan mataki a tarukan ƙasa da ƙasa. Asusun ya yi aikin yashe mashigu da gina wasu ƙananan madatsu na gyara hanyar ruwa, kuma inda aka buɗe hanya ruwa ya koma garuruwan da suka shekara da shekaru ba su gan shi ba. Daga baya Bankin Duniya ya shigo da shirin TRIMING a 2014, wanda ya gyara magudanan noman rani na Kogin Kano da na Kwarin Haɗeja, sannan a ƙarshen 2021 ya amince da bashin Dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL, wanda ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da ƙasa hekta miliyan ɗaya.

Mai karatu zai ce, duk da wannan, me ya sa kuka bai ƙare ba? A ganina dalili na farko shi ne yawancin ayyukan sun tsaya a kan reshe. Yanke kachala, ko da lauje ko da injin mai tafiya a kan ruwa, aski ne. Muddin ruwan rani yana gudana a mashigar babu yankewa, za ta sake tofowa. An kashe maciji ba a sare kansa ba. Kan macijin yana bakin dam, inda ake yanke shawarar ranar da za a buɗe da yawan abin da za a saki. Ma'aikacin da ke wurin ba mugu ba ne. Yana amsa kiran waɗanda ke kusa da shi ne: manoman rani da aka kafa hukumarsa domin su, matatun ruwan birni da ke son kogi ya cika ya kai bakin bututunsu, yanzu kuma ga tashar lantarkin da Gwamnatin Kano ta gina a Tiga, wadda ita ma ruwa mai gudana kullum take so. Masuncin Dagona ba shi da lambar wayarsa. Ragowar ruwan da aka saki domin biyan waɗancan buƙatu shi ne yake wucewa ya je ya raini kachala a Guri.

Dalili na biyu shi ne inda ƙarfi yake. Ana yawan kawo misalin birnin New York na Amurka, wanda a 1997 ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin jiha da ta tarayya da ƙananan garuruwan tsaunukan Catskill, inda mafi yawan ruwan shansa ke fitowa. Birnin ya amince ya riƙa biyan manoman yankin su gyara yadda suke ajiye taki da kiwon shanu, ya sayi filaye a gefen ƙoramu, ya gina wa garuruwa wuraren tace ƙazanta, domin hakan ya fi masa sauƙi a kan gina matatar biliyoyin daloli. Yarjejeniyar ta ɗore domin mai kuɗin yana ƙasa ne, raunana suna sama. Idan bai biya ba, shi zai sha gurɓataccen ruwa. A namu kogin abin a juye yake. Mai ƙarfi da yawan jama'a da masana'antu yana sama, raunana suna ƙasa. Babu abin da zai tilasta wa na sama ya tuna da na ƙasa sai doka ko tsoron Allah. Duk haɗin gwiwar da aka gina a kan kyakkyawar niyya kaɗai, a irin wannan yanayi, zai rayu ne gwargwadon wa'adin gwamnonin da suka sanya hannu.

Abin sha'awa, wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga malaman fiƙihunmu. A Muwaɗɗa ta Imam Malik an kawo hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke game da ruwan wasu kwaruruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib, inda aka ba na sama damar ya tare ruwa har ya kai idon sawu, daga nan wajibi ne ya sake shi ga na ƙasa. Hukuncin ya amince da haƙƙin na sama na fara sha, amma ya yanka masa iyaka da ma'aunin da kowa zai iya gani da idonsa. Abin da Kogin Haɗeja ya rasa ke nan: idon sawu. Manomin Gashuwa ba shi da wata takarda da aka wallafa wadda ta ce a wata kaza za a saki ruwa kaza, wadda zai riƙe ya je gaban hukuma ko kotu idan aka saɓa.

Dalili na uku shi ne kuɗi da ƙwaƙwalwa. Kusan duk shirin da na ambata da kuɗin waje aka fara shi, kuma yana da ranar rufewa. Idan ranar ta zo, motoci su tsufa, ma'aikatan da aka horar su watse, ma'aunan ruwan da aka kafa a gaɓar kogi su lalace babu mai karantawa. Bayan wasu shekaru wani sabon shiri ya zo, ya ɗauko ƙwararru su sake binciken da aka riga aka yi. Kogi kuwa ba ya aiki da wa'adin shekara biyar. Dajin da aka sare a bana, sai bayan shekaru yashinsa zai isa dam.

Ko akwai shaidar cewa dawo da ambaliya yana farfaɗo da dausayi? Akwai, kuma ba nesa ba. A arewacin Kamaru, cikin wannan yanki na Tafkin Chadi, an gina Dam ɗin Maga a 1979 domin noman shinkafa, tare da jinga a gefen Kogin Logon. Fadamun da ke kusa da gandun dajin Waza suka bushe, ciyawar kiwo ta mutu, masunta suka yi ƙaura. A 1994 gwamnatin Kamaru da IUCN da al'ummomin wurin suka amince aka buɗe wata mashiga da jingar ta toshe, ruwa ya sake malala kan wani sashe na fadamun. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai ɗorewa ta dawo, kifi ya dawo, makiyaya da tsuntsaye suka dawo. Ba a rushe dam ɗin ba, ba a kuma kashe noman shinkafa ba. An dai zauna an yanke wa kowa rabonsa.

Saboda haka, idan ana son haɗin gwiwar hukumomi a kan wannan kogi ya wuce taron otal da sanarwar bayan taro, ga abin da nake ganin ya kamata a sa a gaba.

Na farko, jadawalin sakin ruwa daga Tiga da Chalawa da madatsar Haɗeja, wanda jihohin shida da hukumomin koguna biyu za su amince da shi kowace shekara bayan an ga yadda damina ta kasance, a buga shi a jarida, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Kanuri da Bade da Fulfulde. Jadawalin ya ƙunshi sakin ruwa a ƙarshen damina gwargwadon abin da mashigu za su iya ɗauka, ya kuma ƙunshi lokacin da za a bar wasu mashigu su bushe da gangan domin a ƙona kachala. Wannan zai buƙaci aikin injiniya, domin an gina mafitar Tiga ne da nufin ciyar da magudanar noman rani, kuma sai an gina ƙofofin da za su raba ruwa tsakanin Marma da Burum Gana da sauran rassa. Majalisun jihohin shida su mai da yarjejeniyar rabon ruwan doka, kowace a gidanta. Ba sai an jira kudurin dokar ruwa ta ƙasa ba, wanda ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya saboda rikicin da bai shafi wannan kogi ba.

Na biyu, ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi. Rabin gardamar da ake yi tsakanin sama da ƙasa ta samo asali ne daga rashin sanin haƙiƙanin abin da ya wuce Wudil, da abin da ya isa Haɗeja, da abin da ya kai Gashuwa da Gaidam. A nan jami'o'inmu suke da rawar takawa. Akwai Jami'ar Bayero a sama, akwai ta Tarayya a Dutse, da ta Sule Lamido a Kafin Hausa, da ta Tarayya a Gashuwa, duk a jikin kogin ko kusa da shi. Ita ta Gashuwa ma ta riga ta shiga gwajin sarrafa kachala ta zama iskar girki da abincin dabbobi. Jami'a ba ta rufewa bayan shekara biyar. Idan aka ba kowace tashoshin awo biyu ko uku, ɗalibai su riƙa karantawa, a riƙa wallafawa duk mako, za a samu tarihin ruwa wanda ba ya tafiya da tafiyar mai ba da tallafi.

Na uku, a haɗa sama da ƙasa a lissafi ɗaya. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ɗaga darajar wasu dazuzzuka goma su zama gandayen ƙasa, cikinsu har da Falgore a Kano da Baturiya a Jigawa. Mutane kaɗan ne suka lura cewa waɗannan biyu kai da ƙafa ne na kogi guda. Dajin Falgore shi ne garkuwar Tiga. Duk itacen da aka mai da gawayi a can, ƙasar da saiwarsa ke riƙe da ita tana gangarowa ta zauna a gindin dam. A nan ne maslahar Kano take, domin dam ɗin da ya cika da laka ba zai shayar da birni ba, ba zai ba da wuta ba. Ya kamata a ware wani kaso na kuɗin da manyan masu ɗibar ruwa ke biya, a zuba shi a asusun amana kai tsaye, a riƙa kashe shi a kan kare Falgore da gyaran mashigun dausayi. Gudunmawar jihohi ma a riƙa cire ta tun daga tushe, kada ta dogara da farin jinin wanda ke shugabantar asusun.

Na huɗu, kujera ga masu kogin. Sarakunan ruwa da arɗo-arɗo da shugabannin manoman fadama da matan da ke bandar kifi sun san inda ruwa ke bi fiye da kowace taswira. Masarautun Haɗeja da Bade da Nguru da Katagum suna da bakin da jama'a ke saurara. A batun mai da Baturiya gandun ƙasa, a tuna cewa tsuntsayen da ake son karewa sun rayu tare da masunta da makiyaya tun kaka da kakanni. Gandun da aka fara shi da korar mutane, mutanen ne za su zama abokan gabarsa, kuma babu yawan masu gadin da zai ishe shi. A Jamhuriyar Nijar, miliyoyin itatuwan gawo da suka dawo gonakin Maraɗi da Damagaram sun dawo ne bayan da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba.

Na ƙarshe, a sauya abin da ake auna nasara da shi. Yawan tarukan bita da yawan dashen da aka raba ba sa gaya mana komai. A gaya mana hekta nawa ruwa ya malale a watan Satumba kuma ya janye kafin Janairu, kwana nawa kogi ya yi yana gudana a Gaidam, mashiga nawa kwalekwale ke iya bi, tsuntsu nawa aka ƙidaya a Dagona. Waɗannan alƙaluma ne da talaka zai iya gaskatawa ko ya ƙaryata da idonsa.

Na san akwai masu cewa yawan jama'ar Kano ya ninka sau da dama tun daga 1974, don haka ruwan da za a saki domin kifi da tsuntsu almubazzaranci ne. Wannan magana tana da nauyi, kuma babu mai cewa a hana birni sha. Amma a tuna cewa kifin da ake ci a Kano, da shinkafar Haɗeja da Gashuwa, da shanun da ake kaiwa kasuwar Wudil da Maigatari, wani kaso nasu wannan dausayi ne ya raine su. Matashin da kachala ta cinye gonar mahaifinsa kuma ba ya zama a Guri. Kano yake tahowa neman abin yi. A yankin da ya ɗanɗani abin da rashin aikin yi ya haifar a gaɓar Tafkin Chadi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kuɗin ACReSAL bashi ne, mu da 'ya'yanmu za mu biya. Kafin wa'adinsa ya cika, haƙƙin 'yan majalisar da ke wakiltar Haɗeja da Nguru da Bade da Katagum da Gaidam ne, da ɗalibanmu da 'yan jarida, su riƙa yin tambaya ɗaya a duk inda aka taru da sunan wannan kogi: ina jadawalin sakin ruwa, kuma wa zai amsa tambaya idan aka saɓa masa? Ranar da aka samu mai amsa wannan tambaya da sunansa da ofishinsa, ranar ce haɗin gwiwar ya fara. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci tsakanin na sama da na ƙasa, Ya ba mu damina mai albarka.